Sanarwar Rasuwar Clementina, Motar da Birki Ya Kashe

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma takaicin da ba ya faɗuwa a gaban baƙi, iyalan Malam Sati na Samaru suna sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar motarsu, wadda unguwa ta sani da Clementina. Ta riga mu gidan gaskiya ranar Talata da rana a jikin wata bishiyar mangwaro a Jushi, ana saura kwana kaɗan ta kai Christabel, 'yar gidan, coci a ɗaura mata aure.

Marigayiyar dattijuwa ce mai haƙuri. Ta kai mata asibiti, ta kwaso masara daga gona, ta ɗauki 'yan Zumuntar Mata na coci har da tukwanensu ba ta taɓa yin ƙorafi ba. Da safe takan gaishe da maƙwabta da "kirr, kirr, tuf!" kafin ta tashi. Tafiyarta a hankali take, amma duk inda aka ce ta tsaya, tsayawa take cak.

Ciwon ajalinta ya fara ne daga alheri. Nedu, bakaniken Sabon Gari da zai auri Christabel, ya zo gaisuwa ya ji ƙarar birkinta, ya ce haram surukinsa ya kai mota wani gareji alhali yana raye. Ya tafi da ita, ya sauya mata takalman birki, ya dawo da ita a wanke, ya durƙusa ya miƙa makulli. Malam Sati ya sa masa albarka har sau biyu. Kaico!

Tun daga nan aka ga abin da ba a saba gani ba. Da safe birki garau, kana taɓa feda ta kama. Da an yi 'yar tafiya rana ta take, sai feda ta yi laushi kamar ka taka tuwon jiya, ta nutse har ƙasa tana cewa "fuuu". In aka bar motar ta huce a inuwa, ta koma lafiyarta kamar ba ita ba. Malam Sati ya cire tabarmar ƙasan motar, ya leƙa ƙarƙashi bai ga ɗigon mai ba, har takalmin ƙafarsa ya sauya wai ko santsi ne. A banza.

To me ya hana shi magana? Kunyar surukuta, jama'a. Ta ina dattijo zai dubi saurayin 'yarsa ya ce aikinka bai yi ba? In kuma ya kai ta wani gareji a Sabon Gari, kafin la'asar zance ya kai kunnen Nedu. Sau ɗaya ya saci jiki da sassafe ya nuna wa wani bakanike a Samaru. Mutumin ya taka, ya ji ta tsaf, ya ba Malam shawara ya je a auna masa hawan jini.

Ranar Talata aka loda mata shinkafar biki daga kasuwa. A gangare feda ta tafi ba ta dawo ba. Gaba 'yan acaba ne, gefe mangwaro. Malam Sati ya zaɓi mangwaro. Ba wanda ya ji ko ƙwarzane, sai Clementina. Kalmarta ta ƙarshe "tsssss" ce.

Uwargida Keziya, matar Malam Sati, ce ta gano ciwon, bayan rai ya yi halinsa. Ta ga kumfa na fita daga tulun man birki, ta dangwala ta shinshina, ta tofar da yawu. Ruwan omo! Ashe man birki ne ya ƙare wa Nedu, shi kuwa ya ga bai dace ya roƙi suruki ya sayo ba, sai ya kaɗa omo ya cika, wai haka direbobin tasha ke yi. In ƙarfe ya yi zafi ruwan ya tafasa, birki ya zama iska. Tir! Dattijuwar da ta sha man kirki duk rayuwarta, a ƙarshe aka ɗura mata ruwan wanki.

Ta rasu ta bar safaya guda mai faci, da jak, da dutsen da ake tare mata taya da shi, da Malam Sati wanda har yau bai ce wa yaron uffan ba.

Za a ɗauki gawa daga Jushi ranar Juma'a zuwa wurin 'yan gwangwan a Chikaji, inda za a raba ta. Zaman makoki a ƙofar gida ne, a inda ta saba kwana. Aure yana nan ranar Asabar, amarya za ta tafi a motar aro, kuma ana roƙon masu ta'aziyya kada su ambaci birki a gaban ango. Shi ango ya riga ya yi alkawari gaban dattawan coci cewa duk motar da Baba zai saya nan gaba, shi zai riƙa gyara ta kyauta har ƙarshen rayuwarsa. Iyali na roƙon a sa Malam Sati a addu'a.