Robar Da Ta San Abin Da Take Nema

Sati uku ke nan ƙafafun tsohuwa a kumbure, numfashinta kuma ba ya kai ta ƙarshen Fatiha sai ta tsaya. Da irin wannan kumburin marigayi mijinta ya fara. Shi ya sa da aka zaunar da ita kan kujerar ƙarfe a ɗakin gwajin da jikanta ke aiki, ta naɗe hannuwanta cikin mayafi, ta ƙudurta ba mai taɓa jininta.

"...lafiya lau, amarya," in ji jikan. "Ya ƙarfin jiki? Ko kewata ce ta kumbura ki?"

"Kewar wa? Mijin da bai taɓa kawo mini ko sabulu ba, yau jinina yake nema. Maye!"

"Rabin cokali ne fa. Jinin tsohuwa ko sauro ba ya marmarinsa."

Ya ɗaga wata siririyar kwalba mai farin gari a ciki. Ta ƙura wa kwalbar ido.

"Mene ne wancan?"

"Garin roba. Idan zuciya ta gaji, takan zubar da wani ɗan guntun furotin cikin jini. Irin wannan guntun muke kwaɓa roba da shi, ta daskare a jikinsa, sai mu wanke shi ya fita, ya bar gurbinsa. Idan ruwan jininki ya bi ta ciki, guntun ne kaɗai zai faɗa gurbin ya zauna. Saura su wuce."

"To ai ka gama magana. Abin da aka ƙera don kamu ba ya komawa hannu rabbana. Ko bai samu mai laifi ba, sai ya damƙo maƙwabcinsa."

Jikan ya sunkuya ya jawo silifas ɗinta, wanda dunduniya da yatsu suka yi wa rami. Ya zura ƙafarsa.

"Duba. Ya karɓe ni?"

"Ina zai karɓi ƙafar raƙumi? Cire, kar ka shafa masa kaushi."

"To haka robar take. Mai kama da guntun yakan ɗan maƙale, amma da mun ɗauraye sai ya zame."

Ta dubi takalmin, ta dubi ƙafarta. Kwanan nan ita ma ramin ba ya karɓar ta. Ta yi salati a zuci.

"Idan ta kama fa?" Muryarta ta yi ƙasa.

"Sai likita ya fara magani tun da wuri. Kakana ba a duba shi ba sai da..." Bai ƙarasa ba. Ya juya yana yage ledar allura, ledar ta ƙi yaguwa. Sau uku yana gwadawa.

Nan ta ga gumi a goshinsa duk da sanyin ɗakin. Ashe duk surutun nan, ya fi ta jin tsoro.

"Kai, ragon maza. Haka kake yi wa matan mutane?"

"Su ba kakata ba ne," ya ce, bai ɗago ba.

Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. Ta zaro hannunta daga mayafi ta shimfiɗa kan teburin, ɗaya hannun kuma ta kama tsintsiyar hannunsa ta riƙe gam.

"Ka ci nasara. Yi bismilla ka soka, ni zan riƙe ka."