Ranar da Baban Hadiza Ya Tura Mini Mota

Ba zan taɓa mantawa da jar motar nan ba, ko da na so. Lokacin ba a daɗe da ba mu jihar Kebbi ba, an dawo da ni aiki Birnin Kebbi daga Sakkwato, na sayi 'yar Kwatano mai ƙofa biyu, cikinta kamar ya taɓa ƙasa. Gudu kam ba a magana. Aibinta ɗaya: in ta yi zafi aka kashe ta, sai da turi. Shi ya sa a unguwarmu Badariya kullum kan gangare nake ajiye ta (maƙwabta sun ɗauka iyayi ne).

Da ita na tafi Argungu gaida mahaifin Hadiza, yarinyar da nake nema. Dattijo ne manomin shinkafa, kuma har ranar bai ce ya ba ni ba. Tun daga hanya gabana ke faɗuwa, don na san ƙofar gidansu shimfiɗe take, ga yashi.

Na durƙusa na gaishe shi, kaina a ƙasa, muka yi sallama. Na shiga mota ina karanto duk addu'ar da na sani. Na murza makulli, ta yi ƙyar-ƙyar ta yi shiru. Na sake. Shiru. Zufa ta jiƙa mini sabuwar shadda.

Sai na hango Baba ta madubi yana naɗe hannun riga, shi da abokansa biyu. Innalillahi! Mutumin da ko ido ba na iya haɗawa da shi! Na yunƙura zan fito, ya ce, "Zamna, yaro. In ka hito, wa za ya riƙa sitiyari?"

Suka tura, ina zaune kamar hakimi. Ta tashi da wata irin ƙara, ta bule su da baƙin hayaƙi. In na tsaya za ta mutu, don haka na wuce, ko na gode ban ce ba. Wallahi ban tsaya ba sai gida.

Kwana uku ban iya cin abinci ba. Rana ta huɗu kawuna ya kawo saƙon Baba: "Na ba shi ɗiyata. Amma ranar biki a ɗauko ta cikin motar albasa, ƙarhina ya ƙare."

Tun daga nan, in zan je gidan surukai, tasha nake nufa.