Rasuwar Dattijuwa, Motar Mai Lemo

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, Mai Lemo da iyalinsa suna sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar a-kori-kurarsu, wadda aka fi sani da Dattijuwa. Rai ya yi halinsa ranar Talata da hantsi, a kan gangaren da ke bayan rafi, tana ɗauke da buhun lemo talatin. Ta rasu tana da shekara goma sha bakwai a hannunsa.

Marigayiya mai haƙuri ce, mai wadatar zuci. Ba ta taɓa raina kaya ba: ta ɗauki taki, ta ɗauki kwanon rufi, ta kai uwargida asibiti haihuwa har sau biyu. Da safe takan yi tari uku, "kir, kir, kirrr," kafin ta tashi, maƙwabta kuma su san lokacin fita ya yi. Aibinta ɗaya, in ma aibi ne: tayoyin baya kaɗai ke ja, na gaba bin umarni kawai suke.

A kan kwalta wannan bai dami kowa ba. Amma gonar lemon da mahaifin Mai Lemo ya bar musu tana can saman tudu, hanyarta jar laka ce. Duk damina Dattijuwa takan isa gindin gangaren, ta yi ta juya ƙafafun baya a wuri ɗaya har ta yi shiru, lemo kuma ya ruɓe a gindin bishiya. Bana yayan Mai Lemo, wanda suka yi tarayya a gadon, ya ce ya gaji da ciyar da tsutsotsi: in amfanin bai sauko kasuwa ba, a sayar da gonar a huta.

A nan ajali ya fara kira. Wani bakanike ya dafa bonet ɗinta, ya tabbatar wa Mai Lemo cewa cikin mako biyu zai mai da ta mai jan ƙafa huɗu. Uwargida ta ce tsohuwa ba ta koyon sabuwar rawa, a bar baiwar Allah yadda aka ƙera ta. Mai Lemo ya ji, amma kunnensa na wajen bishiyoyin da ya ga mahaifinsa ya dasa da hannu.

Wata huɗu ta yi a gareji, a ɗage kan duwatsu, cikinta a buɗe. An ciro mata aksil na gaba, wato ƙarfen da ke juya tayoyi, daga wata mota da ta yi hatsari, ya zo da tsawon yatsa huɗu fiye da kima. Aka yanka shasi, ƙashin bayanta, aka yi walda, aka sake yankawa. Kullum da la'asar Mai Lemo yakan zo dubiya, ya zauna kan wani mataccen batir yana kallon ta. Abin da babu wanda ya auna shi ne, tayoyin gaba sun fi na baya saurin juyawa. Aka sallame ta rabinta na gudu, rabinta na jan ƙafa.

Sau ɗaya tak ta hau tudun. Laka ta rufa mata asiri, kowace taya ta zame yadda take so, har ta tsaya a tsakiyar gona. Mai Lemo ya fito, ya rungumi ƙofarta, ya yi dariyar da rabonsa da ita tun mahaifinsa na raye. A hanyar saukowa, da ta taka fako mai tauri, gaba da baya suka shiga ja-in-ja. Ta yi nishi, "gurrr, gurrr." Mai Lemo ya lallashe ta da kuloci. Kalmarta ta ƙarshe ita ce "ƙwas," sai baƙin mai ya malalo tsakanin duwatsu, shasi ya rabu daidai wurin waldar.

Ya daɗe zaune riƙe da sitiyari kafin ya zare makulli.

Ta bar safayar taya guda, jak na aro, da bokiti cike da notina waɗanda bakaniken ya ce dama ba su da amfani. Ta bar uwargida, wadda har yau ba ta ce ai ta faɗa ba, shirun nan kuwa ya fi maganar ciwo. Ta bar maigida da takalminsa, sai tafiyar ƙasa. Gonar kam yaya ya riga ya kawo mai saye, an sa hannu jiya. An ji sabon mai gonar na cewa baɗi zai kawo gireda ta gyara hanyar.

Za a ɗauko gawar ranar Asabar in ruwa ya ɗauke, tarakta ce za ta jawo ta zuwa filin masu yankan ƙarfe. Masu rakiya su zo da buhu, su kwashi lemon da ke bayanta kafin ya lalace. Za a karɓi gaisuwa a rumfar da take kwana. Ana roƙon kada a zo da shawara, kada kuma kowa ya ajiye motarsa a gurbinta.