Yadda Za Ka Ɓoye Tsufa Idan Raga Ta Daina Amsa Maka

Ɗan'uwa ɗan ƙwallo, bara kana ɗura ƙwallaye, bana ko gola ya tafi fitsari ba ka iya jefa ɗaya? Share hawayenka. Bi matakan nan bakwai, na ba ka tabbacin rigarka ba za ta bar jikinka ba. Ni Gimba mai lamba tara a ƙungiyarmu ta nan Minna, a kaina na gwada su. Bara na ci sha huɗu. Bana, 2012, na ci ɗaya tal, ita ma a ɗuwawu ta buge ni ta shige. A takarda shekarata ashirin da biyar, amma tsohuwata a Bida ta ce an haife ni shekarar da naira ta kori fam. Koci Irimiya kuwa ya rantse ƙarshen kakar wasa duk wanda ya haura talatin zai sallame shi.

Mataki na 1: Kada ka taɓa zargin gwiwa

Gwiwa tonon asiri gare ta. Ka ɗora laifin a kan fili, ka ce ciyawa ta yi tsawo. In babu ciyawa, ka ce ai shi ya sa. Ka zargi takalmi, ka zargi ranar Minna, wadda ko ba ta yi laifi ba kowa zai yarda ta yi. Duk ƙwallon da ka ɓarar, ka tsaya ka ƙura wa ƙasa ido kamar ita ta sa maka ƙafa.

Mataki na 2: Ka ce sammu ne

Ka tafi bayan raga da fartanya ka yi ta tono a gaban 'yan kallo. In ka sami tsohuwar ƙusa, ɗaga ta sama ka yi salati. Sannan ka riƙa hararar yaron da ke neman rigarka. Nawa sunansa Tsado, gudu kamar an kunna masa wuta a wando. Wai shekararsa sha bakwai, amma ni na ga rezar aski a jakarsa.

Mataki na 3: Ka koyi gudu da hannu

Tunda ƙafa ta ƙi, hannu ya karɓi aiki. Ka riƙa nuna inda ya kamata a ba ka ƙwallo, ka tabbata wurin da ba ka nan ne. Ka ɗaure igiyar takalmi sau huɗu kafin hutun rabin lokaci. Satar gida kuwa ba laifi ba ce, wurin shan iska ne. Masu hikima sun ce wanda tuta ta tsayar ba a ganin hakinsa. To, ni na faɗa, amma ai da hikima.

Mataki na 4: Ka aske kai, ka aske tunani

Furfura ba ta da kunya, kullum ka yi ƙwal. Da za ka tashi daga benci kada ka ce "wash". Abin da ya fi haɗari shi ne hira. Wata rana a mota na saki baki ina ba da labarin yadda muka yi cincirindo a gaban talabijin marar kala ranar da Najeriya ta ɗauki kofin Afirka a 1980. Kowa ya zuba mini ido. Koci ya juyo yana ƙirga yatsu.

"Gimba, kai da aka haifa a tamanin da bakwai?"

"Kakata ce ta ba ni labari, Koci. Ta iya labari ƙwarai."

Mataki na 5: Ka gyara gidanka

Nan ne aikin yake. Mai shekara ashirin da biyar ba ya da 'ya mai sha tara. Tun Rukayya tana firamare na koya mata: in mutanen ƙungiya sun zo gidanmu a Kpakungu, ni Yaya ne. Da farko takan manta ta rugo tana "Baba!", sai in zare mata ido. Yarinya mai kai, cikin wata biyu ta haddace. Uwarta Rabi'atu ce ba ta taɓa haɗiye abin ba.

"Baban Rukayya, wai sai yaushe za ka girma?"

"Sai na rataye takalmi."

"Takalmin da ya riga ya rataye ka?"

Irin wannan magana kada ka amsa ta. Ka ce za ka atisaye, ka fice.

Mataki na 6: In bikin 'yarka ya zo, ka ari uba

Rukayya ta kawo Abdulwasiu, mai gyaran janareta, yaron kirki. Na ɗauko yayana Ndayako daga Bida na zaunar da shi kujerar uban amarya, na ɓoye wa ƙungiya zancen. Amma ka kula da katin gayyata. Nawa ya faɗo daga aljihu a ɗakin canja kaya, Tsado sarkin gulma ya tsinta. Ranar biki sai ga motar ƙungiya ta toshe mana lungu, har da Koci da babbar riga, sun zo taya ni aurar da ƙanwa.

Bayan la'asar aka fito da amarya ta yi wa iyaye sallama. Ta durƙusa gaban Ndayako, ya yi mata nasihar da na kwana bakwai ina shiryawa a raina. Sannan ta matso gabana. Ta ɗaga mayafi kaɗan, ta dubi Koci a gefena, ta dube ni. Wallahi jira take, ni na san jira take. Na kawar da kai.

"Yaya Gimba, zan tafi. Ka yafe mini."

Ko tuntuɓen harshe ba ta yi ba.

Mataki na 7: Ka daure

Idonka zai yi zafi. Ka ce hayaƙin girki ne. Ka buɗe baki ka ce, "Allah ya ba da zaman lafiya, ƙanwata." Ni na faɗa, na ji kunyar kaina har cikin ƙashi, amma na faɗa.

Kuma dabarar ta ci, rigata tana nan. Da mota ta tafi da amarya, Koci ya dafa kafaɗata.

"Allah ya sanya alheri, uban amarya."

"Koci, yayan amarya dai..."

"Haba Gimba! Kai da yayana ajinku ɗaya a firamare, hotonku na nan a ɗakin mamanmu. Tun ranar da ka zo na sani. Ba don gudu nake ajiye ka ba, don ka koya wa su Tsado inda ake tsayawa ne. Me ya hana ka yi wa yarinya addu'a irin ta uba?"

Gargaɗi

Mai wannan rubutu ba shi da hannu a duk abin da ya biyo baya: ciwon gwiwa, zaman benci, ko shirun matarka na sati uku. Na yi alkawarin riga, ga riga. In kuma 'yarka ta bugo waya ran Juma'a, kana zaune kai kaɗai a ɗaki, babu koci babu ɗan kallo, ta ce, "Yaya, ina wuni?", kada ka nemo ni. Kai ka koya mata.