Ƙaton Kifi a Gaban Alƙali

A wani gari da ba zan faɗi sunansa ba, don ina da 'yan uwa a can, akwai wani bawan Allah Tanimu mai gidan kallo. Da yamma ƙwallo yake haskawa, ranar Asabar da safe kuma ya sa wa yara katun don iyayensu su samu su sarara. Da wannan 'yar rumfar kwanon yake ciyar da iyalinsa. Rannan tsautsayi ya sa ya haska wani fim na kifaye a teku. Wani ɗan mitsitsin kifi ne ya bazama neman inda abincin garinsu yake ɓacewa, ashe wani ƙaton kifi mai tumbi ke lanƙwamewa. Yara suka yi ta shewa, aka tashi lafiya. To, cikin waɗanda suka leƙa har da Kwamared Ilu, mai ba ciyaman ɗin ƙaramar hukuma shawara kan yaɗa labarai, ya zo ɗaukar 'yarsa. Ilu irin mutanen nan ne da ko kunu ka miƙa musu sai sun tsamo siyasa a ciki, kuma ni wallahi haushin irinsu nake ji. Kafin mako ya zagayo an garƙame wa gidan kallo kwaɗo, an maka Tanimu a kotu, wai yana cusa wa yara ƙiyayyar gwamnati.

Alƙali ya dubi Ilu ta saman tabarau ya ce, "Kwamared, ina siyasa a cikin kifi?"

Ilu ya gyara zaman hula. "Allah ya gafarta Malam, ai wannan fannina ne, shi na karanta. Ƙaton kifin nan ba ya komai sai ci da barci. Ba a ganinsa sai ranar da ya maƙale a yashi, sannan ya zo yana roƙon ƙanana su tura shi, yana ta zuba musu alkawari. Wannan ba zaɓe ba ne? Ga wasu ƙaguwoyi masu tafiya a karkace, yau suna wajensa, gobe suna wajen abokin gabarsa. Kansilolinmu ke nan. Sannan akwai kunkurun da aka aika gyaran hanya tun farkon fim, har aka gama bai iso ba. Ko makaho ya shafa ya san da ɗan kwangilarmu ake."

Kotu ta ɗauki guna-guni. Wani dattijo a baya ya toshe baki da hannun riga, kafaɗunsa na rawa.

Alƙali ya ce shi ba ya hukunci a kan abin da bai gani ba. Tanimu ya miƙa wayarsa mai ɗauke da fim ɗin, aka kunna. Malam ya duƙufa har ya manta da mutane, bai ɗago ba sai da ɗan kifin ya kuɓuta daga ragar masunta, sannan ya yi ajiyar zuciya. Da aka nuno ƙaton kifin yana minshari, sai ya ce, "Kai, wannan tumbin kuwa..." Ya haɗiye sauran, ya yi gyaran murya.

Nan fa Tanimu ya ga tukunyar gidansa na shirin sauka daga murhu.

"Tanimu," in ji alƙali, "ka ji bayanin Kwamared, kuma ba zan ɓoye maka ba, akwai ƙamshin kama. In ba ka da hujjar da za ta nuna ba da ƙaramar hukumar nan fim ɗin yake ba, kwaɗo ya zauna ke nan. Me ka ce?"

Tanimu ya durƙusa, ya share gumi, ya ce, "Allah ya gafarta Malam, kai ma ka kalla da idonka. Fim ɗin nan daga farko har ƙarshe ruwa ne malale, gabas da yamma. Mu da ke bin 'yan garuwa tun ranar da Ciyaman ya hau, wa zai ga ruwa haka ya ce ƙaramar hukumarmu ce?"