Yadin Kaka a Shagon Dogo

"Lafiya lau, sai gwiwa. Kai kuma ina gajiyar zama, mijin da ba ya leƙa matarsa?"

Kaka ce ke amsa gaisuwar jikanta Dogo. Tana tsaye a ƙofar ɗakinsa tana mayar da numfashi saboda matakalar bene, da ƙunshin yadi a hammata. Dogo ya zare abin sauraro daga kunnensa, ya ce ai shi ya daɗe da sakinta, ɗan aike ne bai samu ba. Ta ce ya gode wa Allah da take haƙuri da shi, don in ta fita babu macen da za ta kwashi mai ƙafafu kamar sandar share yana.

Ta ture tulin wanki daga bakin gado ta zauna, tana ƙare wa ɗakin kallo. Ga tebur, ga kwamfuta, ga kofin da shayi ya bushe a ciki. Keken ɗinki take nema. Ko ƙyalle ɗaya babu a ƙasa.

Abin da ya kawo ta ba ƙarami ba ne. Ranar Asabar za a yaye Auta, ƙanwar Dogo, daga makarantar koyon jinya, kuma Kaka ta sayi wannan yadi tun bara don ranar. Ta kai wa telanta, wani dattijo da ake kira Mai Tabarau, wanda ke mata ɗinki tun maigidanta yana raye. Shi kuwa ya ajiye yana ta ja mata rai. Ana cikin haka uwar Dogo ta faɗa mata a waya cewa shagon ɗinkin yaron ya bunƙasa, har mutanen wasu ƙasashe na layi. Kaka ba ta tambayi komai ba. Ta yafa mayafi ta je shagon Mai Tabarau, ta karɓe yadinta a gaban jama'a, ta ce masa tana da tela a gida wanda ɗinkinsa ke ƙetare teku.

"Ina keken?" ta tambaya.

"Wane keke?"

"Na ɗinki mana. Ko da haƙora kake yi?"

Dogo ya dubi ƙunshin, ya dube ta, sai ya juyo mata da fuskar kwamfutar. Ga wani ɗan mutum kamar yatsa yana tsaye bayan kanta da almakashi, riguna rataye a bayansa. Ya ce wannan shi ne, wannan kuma shagon. Wasa ne na intanet, mutane daga ko'ina suke shiga, kowa ya zaɓi sana'arsa. Yawanci takobi suke ɗauka su tafi farautar dodanni, shi kuwa ya ɗauki allura.

Da ya ga ta ƙura wa kwamfutar ido, ya ɗauka sha'awa ce, sai ya saki baki. Da farko, in ji shi, abin da ya burge shi yake ɗinkawa, babu mai saye. Sai ya koma ya tsaya a ƙofar garin wasan yana duba abin da ke saurin yagewa a jikin masu dawowa daga yaƙi, ya ga safar hannu ce da alkyabba. Ya bar komai ya kama su. Yana sayen ulu a tsakiyar mako lokacin da ya yi araha, ya saƙa, ya rina, ya fitar da kaya ranar da ake shirin fita yaƙi. Wanda ya saya a wurinsa kuma gyara kyauta ne, shi ya sa ba sa zuwa wani shago.

"To madalla. Tashi ka auna ni."

"Kaka, ni ko zare ban iya zurawa ba."

Sai a lokacin ta lura da wuyan rigarsa: maɓalli ya fita, an maƙale wurin da fil.

"Wato aljanu kake yi wa sutura, matarka na yawo da tsumma."

"Masu sayen kayana dodo suke kashewa. Ke sauro ma sai kin kira maƙwabta."

"Su dodannin ma wa ya gan su? Ƙato da kai, gemu har ƙirji, kana wasan 'yartsana."

"Ai ke hankici ɗaya ya ishe ki riga da zani, har a rage na ɗankwali. Ban san abin da ya kai ki sayen yadi ba."

Kaka ta jawo ƙunshin kan cinyarta. Ta kwance bakin ƙunshin ta shafa yadin, ruwan toka mai ɗan sheƙi. Fuskar Mai Tabarau ce ta dawo mata, yadda ya naɗe yadin a hankali ya miƙo mata da hannu biyu, mutane suna kallo. Ta yi istigfari ƙasa-ƙasa.

Dogo ya daina dariya. Ya ce a kai wa wani telan mana, ai sun cika titi. Ta ce babu wanda zai karɓi ɗinki yau ya ba da kafin Asabar, kuma kafaɗarta ta hagu ta ɗan sauka, duk garin mutum ɗaya ne ya san yadda yake yanka mata wuya ba a gane ba. Ya ce to ta bari shi ya kai da yamma, ya ce wa dattijon aikin ƙasashen waje ne ya yi masa yawa.

Da farko maganar ta yi mata daɗi. Sannan ta girgiza kai. Ta ce a gaban mutane ta ci fuskar bawan Allah, a gaban mutane za ta ba shi haƙuri, kuma ba za ta ɗora ƙarya a kan kuri ba. In ya ga dama ya ɗinka, in bai ga dama ba ta sa tsohuwar rigarta, Auta ba za ta kore ta ba.

"Amma tare za mu je. Tashi."

"Ni kuma me nawa? Ina da alkyabbar mutane a hannu, runduna guda ke jira."

"Su yi yaƙin da singileti. Kai ne shaidata." Ta kamo hannunsa ta juya tafin, sumul kamar na jariri. "Wannan zan nuna masa. In ya ga telan da na yi masa kuri da shi, dariya kaɗai za ta sa ya yafe mini."

"Wato ni za a kai a yi wa dariya a tsakiyar kasuwa."

"To amfanin miji me ne ne?"

Dogo ya kwashe da dariya har kujerar ta juya da shi. Ya danna wani abu, ɗan mutumin cikin kwamfuta ya ja ƙofar shagonsa ya rufe. Ya ɗauki ƙunshin ya ɗora a kafaɗa, ya miƙa mata ɗaya hannun saboda matakala.

"Riƙe a hankali, tsohuwa," ya ce. "Kada ki lalata shaidar kafin mu isa."