Ciyawar da Garma Ba Ta Taɓa Ba

"…lafiya ƙalau na kwana, tunda ba girkinka na ci ba."

Haka Doreen ta amsa gaisuwar jikanta Colby, ko ɗagowa ba ta yi ba. Tana durƙushe a bakin layin dogo, tana murje busassun kawunan ciyawa, tana tara irinsu a aljihun rigarta. Duk wannan yanki na jihar Iowa masara ce da waken soya iyakar ganin ido. Ɗan siririn filin nan da ke tsakanin shinge da duwatsun layi ne kaɗai garma ba ta taɓa shiga ba, shi ma mako mai zuwa katafila za ta share shi, don kamfanin jirgi zai ƙara layi na biyu. Tun da ta ji labarin ko abinci ya daina yi mata daɗi.

Colby ya zaro shebur sabo fil daga bayan motarsa.

"Ina jakunkunan takardar da na aike ka?"

"Haba Kaka, wa zai tsaya tsintar ƙwaya kamar kaza? Nuna mini wadda kike so in tono miki, ki tafi da ita gida ku ƙarasa tsufa tare."

"Kai da cokali ma ke gajiyar da kai? To, tono waccan."

Ta nuna wata doguwar shuka da ta fi shi tsawo, mai ganye kamar tafin hannu yana kallon gabas da yamma. Colby ya kama aiki da zafinsa. Rami ya kai gwiwa, gumi ya jiƙa masa riga, saiwa kuwa sai ƙara kauri take yi.

"Kaka, wannan saiwa ce ko bututun mai?"

"Ci gaba, ka kusa. In ka ɓulla ƙasar Sin ka aiko mini da ganyen shayi."

"Ke dai muguwa ce, kin sani kika bar ni."

"Ai sai ka tambaya. Ta yi biyunka a cikin ƙasa, ja'iri, ba ta dasuwa. Ta ma girme ni."

"Ashe akwai abin da ya girme ki a garin nan? Ni na ɗauka ke kika nuna wa kogi hanya."

Ta yi dariya, amma dariyar ba ta daɗe ba. Ta shafa karan shukar inda ƙaro ya daskare.

"Wannan ƙaron muke taunawa muna yara, mu cingam ɗinmu ke nan. Lokacin jirgi mai gawayi ne, duk bazara sai tartsatsinsa ya cinna wa wurin nan wuta. Babana ya yi ta zagi yana ɗibar ruwa. Ashe wutar ce ke kashe itatuwa, ita kuma ciyawar ta taso tsaf abinta. Jirgi ya raya ta, ga shi jirgi zai binne ta."

Colby ya jingina da shebur. "To irin da kike tarawa fa, ina za ki zuba? A ɗan kaskon tagarki na gidan tsofaffi?"

Nan ya taɓo inda ke mata ciwo. Gonarsu an daɗe da sayarwa, ba ta da ko taku ɗaya na ƙasa a duniya. Tana tarawa ne kawai don ba za ta iya zama ta zuba ido ba.

"Ni ma ban sani ba," ta ce a hankali. Sai ta ji kunya, ta koma tsiya. "Me ma nake gaya maka, kai da kake aske ciyawar gidanka duk Asabar kamar kan kurtun soja?"

"A unguwarmu kaf ba mai fili irin nawa, ki tambaya."

"Na gani. Ko ƙudan zuma ya ratsa ta kai sai ya tafi da guzurinsa."

Ya tsaya yana kallon ramin da ya tona, sannan ya shiga mayar da ƙasar a hankali.

"In an shuka, yaushe take fure?"

"Sai ta kwashe shekaru tana nutsa saiwa tukuna. Ƙila ni ba zan gani ba."

Ya cire hularsa, ya juya ta, ya miƙa mata. "Zuba nan. Na ba ki bayan gidana duka."

"Sai fa ka riƙa cinna mata wuta duk bazara."

"Wuta kuma? A tsakiyar unguwa?" Ya dafe kai ya fashe da dariya. "Na yarda, kin ci. Amma kada ki kuskura ki mutu kafin ta yi fure, ba zan sha zagin maƙwabta ni kaɗai ba."

Doreen ta goge ido da bayan hannu, ta fara juye aljihunta.

"Riƙe da kyau, ɗan nema, iska na tasowa."